Takunkumin tattalin arziki a yaƙin basasa

Takunkumin tattalin arziki mataki ne da ƙasashe ko ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa ke ɗauka don toshe wa masu yaƙi hanyoyin samun kuɗi da makamai, har su yarda su zauna sulhu. A Majalisar Ɗinkin Duniya, Kwamitin Sulhu ne ke da hurumin ƙaƙaba shi, bisa sashe na 41 na kundin majalisar. Yakan shafi cinikin makamai da man fetur, ko asusun shugabanni a bankuna, ko kuma hajar da yaƙin ya dogara da ita.

Angola ce misalin da aka fi kawowa. A 1993 aka hana sayar wa ƙungiyar 'yan tawayen UNITA ta Jonas Savimbi makamai da man fetur, a 1998 kuma aka haramta sayen lu'ulu'un da take haƙowa. Shekaru da dama dokar tana kan takarda kawai, domin duwatsun na ci gaba da fita ta ɓarauniyar hanya. Sai a watan Maris na 2000 rahoton kwamitin da jakadan Kanada Robert Fowler ya jagoranta ya fasa ƙwai, ya ambaci sunayen shugabannin Togo da Burkina Faso cikin masu taimaka wa ƙungiyar. Daga nan abokan hulɗarta suka fara ja da baya. Duk da haka, yaƙin bai ƙare ba sai da sojojin gwamnati suka kashe Savimbi a Fabrairun 2002. Takunkumi ya karya lagon UNITA ne, bindiga ta ƙarasa.

An bi wannan hanya a Saliyo a 2000, sannan a Laberiya, inda aka haramta lu'ulu'u a 2001 da katako a 2003, shekarar da shugaban ƙasar Charles Taylor ya bar mulki. A 2003 ɗin ne tsarin Kimberley na tantance asalin lu'ulu'u ya fara aiki.

Wani lokacin kuma ƙaiƙayi kan koma kan masheƙiya. Haramcin makamai da aka sanya wa Yugoslabiya baki ɗaya a 1991 ya fi cutar da gwamnatin Bosniya, wadda ta ɓalle daga ƙasar, domin Sabiyawan da take yaƙi da su sun riga sun gaji rumbun makaman tsohuwar rundunar ƙasar. A Somaliya an sanya irinsa a 1992, makamai ba su daina kwarara ba, kuma sai a Disamban 2023 aka ɗage wa gwamnatin ƙasar.