Ƙwallon magaryar da muke zubarwa a Legas iri ne

'Yan'uwa mazauna Agege, Mile 12 da Idi-Araba, duk lokacin hunturu magarya takan iso kasuwanninmu daga Arewa, mu tsotse ta mu jefar da ƙwallon a kwata, alhali kuwa a cikin kowane ƙwallo akwai iri ɗaya ko biyu na itacen da ke rayuwa a inda ruwan shekara bai wuce milimita 400 ba. A matsayina na malamin gona, ina roƙon duk mai niyyar komawa gida noman damina da ya fara tara shi tun yanzu.

Abin da ke sa a ce magarya ba ta tsirowa shi ne taurin ƙwallon, wanda ke hana ruwa isa ga irin. Saboda haka a zaɓi 'ya'yan da suka nuna sosai, a cire namansu, a zuba ƙwallayen cikin ruwan gishiri, duk wanda ya taso sama a zubar da shi domin fanko ne. Sauran a ɗauraye su, a shanya, sannan a fasa da guduma a hankali don kada a murƙushe irin. Irin da aka fitar haka yakan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu, wanda aka shuka da ƙwallonsa kuwa yana iya haura wata guda.

A nemi doguwar leda mai huji a ƙasa, domin saiwar magarya zurfi take yi, kuma da ita take jure fari. A haɗa yashi kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a binne irin zurfin gaɓar yatsa. Babban haɗari a nan Legas shi ne yawan ruwa da laima, waɗanda ke ruɓar da saiwa, don haka a ajiye ledojin inda rana ke samunsu amma ruwan sama ba ya dukansu, kuma kada a ba su ruwa sai ƙasar ta sha iska.

Wanda ya shuka a watan Maris zai sami dashe a Yuni ko Yuli, lokacin da damina ta zauna a Katsina ko Sakkwato. Ni dai na fi son a tafi da ƙwallon a rene shi can gida, domin doguwar tafiya a bayan tirela tana wahalar da dashe. Bayan an dasa a bakin gona, a kewaye shi da ƙaya har shekara biyu, domin awaki suna matuƙar son ganyensa.