Iyakar jan da aka yarda wa ƙarfe a lissafin kaurin bangon tanki

Iyakar ja ita ce adadin ƙarfin da injiniya zai bari ya hau kan kowane milimita murabba'i na farantin ƙarfe a bangon tankin ajiyar mai. Ana auna ta da megafaskal. Ruwan da ke cikin tanki yana tura bango waje, sai farantan su riƙa jan juna a zagaye kamar igiyar da aka ɗaure ganga da ita. Matsin ya fi yawa a ƙasa, shi ya sa layin faranti na farko ya fi kauri, na sama kuma su riƙa raguwa.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce API 650 ta Cibiyar Man Fetur ta Amurka, wadda aka fara bugawa a 1961. Ta ba da iyaka biyu. Ta aikin yau da kullum, Sd, ana duba kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ƙarfe ke fara miƙewa ba ya komawa, da kashi biyu cikin biyar na ƙarfin da yake tsinkewa, a ɗauki mafi ƙanƙanta. Ta gwajin ruwa (lokacin da ake cika sabon tanki da ruwa don a gwada shi), St, kashi uku cikin huɗu ne na ƙarfin miƙewa da kashi uku cikin bakwai na ƙarfin tsinkewa, a ɗauki mafi ƙanƙanta. An sassauta ta biyun ne domin gwaji na ɗan lokaci ne, farantin kuma sabo ne, tsatsa ba ta ci shi ba.

Ƙarfen A36 yana fara miƙewa a 250, ya tsinke a 400, don haka Sd ɗinsa 160, St kuma 171. Na A283 ajin C, 137 da 154.

A hanyar da ake kira ta ƙafa ɗaya, ana lissafin matsi a mita 0.3 sama da gindin kowane layi:

td = 4.9D(H − 0.3)G / Sd + CA
tt = 4.9D(H − 0.3) / St

td kaurin faranti ne na aikin yau da kullum, tt na gwajin ruwa, duka a milimita. D faɗin tanki ne, H tsayin ruwa daga gindin layin da ake lissafawa, duka a mita. G nauyin kayan idan aka gwada shi da na ruwa. CA ƙarin kauri saboda tsatsa. Tsakanin td da tt, wanda ya fi girma shi ake ɗauka. A nan ne masu koyo kan yi tuntuɓe, don suna zaton lissafin farko ne kullum ke yanke hukunci. A ce tanki mai faɗin mita 30, tsayi 12, na A36, za a zuba fetur mai G 0.75, CA kuma milimita 1.5. A layin ƙasa, lissafin farko zai ba da kusan milimita 9.6, na gwaji kuma kusan 10.1. Ruwa ya fi fetur nauyi, shi ya yi rinjaye.

Wannan hanya ba ta aiki ga tankin da faɗinsa ya wuce mita 61. Waɗannan adadi kuma na zafin da bai wuce digiri 93 na ma'aunin Celsius ba ne. Daga nan zuwa 260, sai a rage su bisa Rataye M na API 650. Tsohon tanki kuwa, API 653 ce ke duba shi, da nata adadin daban.