Gambit ba caca ba ce jama'a

Kwanan nan duk ɗan siyasar da ya sauya sheƙa sai ka ji masu sharhi a rediyo da Facebook suna cewa wai ya yi "gambit", kuma in ka saurara da kyau nufinsu ya yi caca, ko a ci ko a faɗi. Wallahi abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya, don kawai kalmar ta yi kama da "gamble", wato caca a Turanci, shi kenan an haɗe su.

Asalinta Italiyanci ne, gambetto, wato taɗiya a kokawa, gamba kuwa ƙafa. Wani limamin coci ɗan Sifaniya, Ruy López, ya yi amfani da ita a littafinsa na chess, wani wasa mai kama da dara da mutum biyu ke bugawa a kan allo, ɗaya da fararen 'ya'ya ɗaya da baƙaƙe, a 1561. Wanda ya taɓa kallon kokawa ya san taɗiya ba sa'a ba ce, kana barin mutum ne ya turo nauyinsa gaba yana ganin ya samu, sai ka share masa ƙafa.

To haka take a kan allon chess, inda kowane gida yake da suna na harafi da lamba. Rigimar farkon wasa duk a kan gidaje 4 na tsakiya ne, d4, e4, d5, e5, domin doki, ɗaya daga cikin manyan 'ya'yan wasan, in yana tsakiya gida 8 yake iya dira, a kusurwa kuwa 2 kacal. A buɗewar da ake kira Queen's Gambit fari zai tura soja, wato ƙaramin ɗa, zuwa d4, baƙi ya tare da d5, sai fari ya miƙa masa sojan c4 kamar kyauta. In baƙi ya ci, sojansa ya bar tsakiya ke nan, fari ya samu fili. In kuma kwaɗayi ya sa ya ce sai ya riƙe abin da ya ci, bayan e3 ya kare da b5, fari ya buga a4, baƙi c6, a yi musaya a b5, sai sarauniya ta fito f3 ta auna kusurwar a8, dole baƙi ya yi asarar babban ɗa. Ina cacar take a nan? An ƙirga komai tun kafin a taɓa sojan.

Shi ya sa manya sukan ƙi karɓa, su buga e6 su tsaya a tsakiya. A gasar duniya ta 1927 a Buenos Aires, manyan gwanaye Capablanca da Alekhine sun buga wasa 34, a 32 daga ciki miƙa sojan nan aka yi aka ƙi ci.