Komawa gudu bayan an daɗe da bari: tambayoyi da amsoshi

Da yawanmu mun taɓa gudu, wasu a makarantar kwana, wasu a sansanin bautar ƙasa, wasu tare da ƙungiyar ƙwallon unguwa. Sai aiki ko aure ko jinya suka shiga tsakani, takalmin ya koma ƙarƙashin gado. Ga tambayoyin da masu niyyar dawowa suka fi yi.

Na fi shekara biyu rabona da gudu. Duk ƙarfin da na tara ya tafi ke nan?

Wani ya tafi, wani yana nan. Abin da ke fara raguwa shi ne yawan ruwan jini, cikin makonnin farko. Idan ya ragu, jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu ma sai ya ragu, shi ya sa kake haki a inda a dā kake wucewa kana hira. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1984 ya bibiyi 'yan wasan da suka daɗe suna atisaye sannan suka tsaya cak. Ƙarfin jikinsu na amfani da iskar oksijin ya ragu da kashi 7 cikin ɗari a kwana 21, ya kai kashi 16 a kwana 56, daga nan ya tsaya. Bayan kwana 84 har yanzu sun fi waɗanda ba su taɓa atisaye ba. Amma fa waɗannan sun yi shekaru suna yi. Wanda ya yi wata uku kawai ya bari, ya ɗauka daga farko zai soma.

To da me zan fara?

Da gudu haɗe da tafiya. Akwai tsarin mako tara da hukumar lafiyar Birtaniya ke bai wa masu farawa, kuma ya dace da mai dawowa: fita sau uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. A makon farko za ka yi tafiya da sauri ta minti biyar, sannan sassarfa ta minti ɗaya, tafiya minti ɗaya da rabi, kana maimaitawa har minti ashirin. A mako na tara ake kai wa gudun minti talatin ba tsayawa. Sau uku a mako ya zama minti casa'in, ya ma haura minti 75 na motsa jiki mai ƙarfi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu a kowane mako.

Ka riƙa ƙirga minti, ka bar maganar kilomita tukuna. Game da sauri kuwa, idan ba za ka iya amsa gaisuwar maƙwabci da cikakkiyar magana ba sai da yankewar numfashi, ka yi sauri da yawa.

Mako uku da farawa numfashina ya dawo. Me zai hana in ƙara nisa da sauri?

A nan ne mafi yawan masu dawowa ke samun rauni, don haka bari in tsaya a kai. Zuciya da huhu da tsoka suna farfaɗowa cikin makonni. Ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara, suna buƙatar watanni, domin jinin da ke isa jijiya kaɗan ne, kuma ƙashi a hankali yake sabunta kansa. Sai ka wayi gari ƙirjinka yana cewa ka ƙara, alhali ƙwaurinka bai shirya ba. A kowane taku na gudu, nauyin da ke sauka a ƙafa yakan ninka nauyin jikinka sau biyu zuwa uku. Idan ka ƙara kilo goma a shekarun da ka huta, kai ma ka yi lissafin.

Mai dawowa yana iya fin sabon shiga haɗari a wannan fanni. Sabon shiga ba shi da wani tarihi da zai kamo, kai kuwa kana tuna lokacin da kake zagaye fili sau goma sha biyar, kuma zuciyarka ba ta son yarda cewa wancan jikin daban ne da na yau. Shawarata ita ce ka ƙara abu ɗaya kawai a lokaci guda: ko mintuna, ko yawan ranaku, ko sauri, kuma sauri shi ne na ƙarshe. A ranakun hutu ka yi ɗage kan yatsun ƙafa kana sauka a hankali, ka yi tsugunno da miƙewa. Suna ƙarfafa agara da cinya.

Ka kuma koyi bambance ciwo. Tsamin jiki yakan zo washegari, ya fi tsanani a kwana na biyu, ya kama ƙafafu duka biyu, ya saki idan ka motsa. Wannan ba komai. Amma zafin da ke wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda za ka iya nunawa da ɗan yatsa, yana ƙaruwa kana gudu ko yana sa ka ɗingishi, yana iya zama farkon tsagewar ƙashi. Ka tsaya, ka je a duba ka. Kada ka danne shi da maganin kashe zafi ka ci gaba.

Wane lokaci ya fi dacewa, ga zafin ƙasarmu?

Bayan sallar Asuba, kafin rana ta ɗaga. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, zafin bazara yakan wuce digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, kuma jiki yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi. Ka sha ruwa tun da dare, ka duba fitsarinka: idan ya yi duhu, jikinka na neman ruwa. Da hunturu sanyin safiya yana da daɗin gudu, sai dai ranar da hazo ya yi kauri gara a haƙura, musamman mai asma. Watan azumi ba lokacin farawa ba ne. Wanda ya riga ya saba ya rage, ya yi gab da shan ruwa ko bayan Tarawihi. Idan a bakin titi za ka yi, ka bi gefen da kake fuskantar ababen hawa, don ka ga mai babur kafin ya iso ka.

Sai na ga likita kafin in fara?

Idan kana da hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya, ko ka haura arba'in kuma ka daɗe a zaune, e, ka je. Hawan jini ba ya sallama, gwajinsa kuma minti biyu ne. Ka kuma san nau'in jininka. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba shi da ciwon. Mai AS yana gudu lafiya lau, amma gudun ƙure ƙarfi cikin zafi da ƙishirwa yana iya jefa shi cikin haɗari, don haka ya fi kowa buƙatar hawa a hankali. Mai sikila kuwa sai da shawarar likitansa.

Ciwon ƙirji, jiri, ganin duhu ko bugun zuciya da ya rikice, duk alamun tsayawa ne nan take. Akwai kuma maganar da ake yi cewa mai zazzaɓi ya fita gudu ya yi gumi ciwon ya fita. Don Allah a daina. Jiki mai zafi yana buƙatar magani da hutu, kuma ƙara masa zafi da ƙishirwa cutarwa ce.

Ni mace ce, na haihu, na yi arba'in. Zan iya komawa?

Hajiya, tafiya dai ki fara, amma gudu ki jira aƙalla wata uku, domin tsokokin mara da na ƙugu ba su gama komawa daidai ba a kwana arba'in. Idan tiyata aka yi miki, sai likita ya ba da izini. Idan kina jin ɗigar fitsari yayin tari ko tsalle, ko nauyi a ƙasan mara, ki faɗa a asibiti, ana magance shi, ba abin kunya ba ne. Yawan kasala da haki kuma na iya zama ƙarancin jini, a gwada. Filin makaranta da sassafe tare da ƙawa ɗaya ko biyu, da hijabi mara nauyi, sun wadatar.

Dole ne in sayi takalmi mai tsada?

A'a. Kambas ɗin da bai matse yatsu ba, ƙasansa bai cinye ta gefe ɗaya ba, ya isa, ko da na gwanjo ne.

Nakan fara da zafi, bayan mako biyu in watsar. Yaya zan yi?

Yawanci wahalar da mutum ya ɗora wa kansa a farko ce ke korarsa. Ka riƙa tsayawa da sauran ƙarfinka, yadda jibi ba za ka ji fargabar fita ba. Ka haɗa gudun da abin da ba ka fashinsa, ka ajiye takalmi a bakin ƙofa tun dare, daga masallaci sai fili. Ka samu abokin da zai tsaya jiranka, domin kunyar barinsa a tsaye takan tayar da kai ranar da niyya ta yi rauni. Idan tafiya ko biki ko mura suka sa ka yi fashin mako guda, kada ka haɗa ranakun da suka wuce ka ce za ka rama. Ka koma makon da ya gabaci inda ka tsaya, ka ɗora daga nan.