Taron bitar mace-mace a asibiti

Taron bitar mace-mace zama ne da ma'aikatan asibiti ke yi a kai a kai, galibi mako-mako ko wata-wata, domin su bi diddigin yadda aka kula da majinyacin da ya rasu ko wanda jinyarsa ta rikice, su gano inda aka kuskure, sannan su tsayar da abin da za a gyara. Yana daga cikin tsofaffin hanyoyin da ma'aikatan lafiya ke koyo tare a wurin aiki.

Tarihi

Akan danganta asalin wannan al'ada ga Ernest Amory Codman, likitan tiyata a Boston ta Amurka, wanda ya rayu daga 1869 zuwa 1940. Codman yakan buɗe wa kowane majinyaci kati, ya rubuta cutar da aka gano da aikin da aka yi masa, sa'an nan ya bi sawunsa akalla shekara guda don ya ga ko ya warke, in kuma bai warke ba a nemi dalili. Ya nemi a riƙa ƙara wa likita girma bisa sakamakon aikinsa maimakon daɗewarsa a aiki, abin da bai yi wa manyan Babban Asibitin Massachusetts daɗi ba, har ya ajiye aiki a can a 1914. A wani taron likitoci a 1915 ya baje zanen barkwanci na jimina ta cusa kanta cikin yashi tana harbo ƙwan zinariya, habaici ga masu cin kuɗin jinya ba tare da duba sakamako ba, kuma wannan ya jawo masa baƙin jini ƙwarai. A ɗan asibitin da ya buɗe na kansa ya wallafa kurakurai 123 da aka yi a jinyar mutum 337 tsakanin 1911 da 1916, abin da likitoci kaɗan ne ke iya yi ko a yau.

Wajen 1935 likitocin sa barci a Philadelphia suka kafa kwamitin nazarin mace-macen da suka shafi aikinsu. A 1983 hukumar da ke kula da horar da ƙwararrun likitoci a Amurka ta wajabta irin wannan zama ga asibitocin koyarwa.

Yadda ake gudanar da shi

Yawanci ƙaramin likita ne ke gabatar da bayani daga fayil: ƙarfe nawa majinyaci ya iso, yaushe aka duba shi, wane magani aka rubuta, da lokacin da aka ba shi. Daga nan sai a buɗe fili. A da likitoci kaɗai ke zama, amma yanzu asibitoci da yawa na gayyatar ma'aikatan jinya da ungozoma da masu haɗa magunguna da ma'aikatan ɗakin gwaji, domin sau da yawa ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a bakin gado ita ce ta san lokacin da numfashi ya fara canzawa. Akan rufe zaman da rubuta gyaran da aka amince da shi da sunan wanda zai aiwatar.

Mutuwar mata wajen haihuwa

Ingila da Wales sun fara binciken sirri kan mutuwar mata masu juna biyu a 1952, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin sa ido kan irin wannan mutuwa. Najeriya ta rungumi tsarin, ta haɗa da mutuwar jarirai, bisa sharaɗin ba a ambaton suna kuma ba a ɗora laifi. Kwamitocin da ke wannan bincike kan duba jinkiri uku, wato na yanke shawarar zuwa asibiti, da na isa can, da na samun kulawa bayan an isa.

Suka

Wasu na ganin zaman kan rikiɗe ya zama wurin tozarta ƙananan ma'aikata, har su riƙa ɓoye kuskure. Masana kuma ba su daidaita ba kan ko zaman shi kaɗai yana rage yawan mace-mace idan ba a aiwatar da shawarwarinsa ba.