Abincin hunturu a garin Darjilin

Darjilin gari ne da ke kan tsaunukan Himalaya a arewacin jihar Bengal ta Yamma, ƙasar Indiya, a tsayin da ya ɗan haura mita 2,000 daga saman teku. A shekarar 1835 Turawan Ingila suka karɓi wurin daga hannun sarkin Sikkim domin ya zama mafakarsu daga zafin Kalkata, aka fara gwajin shuka ganyen shayi a 1841. Aikin gonakin shayi ya jawo ɗimbin ma'aikata daga Nepal, jikokinsu ne mafi yawan mazauna garin a yau. Akwai kuma 'yan ƙabilar Lepca da Butiya, sai mutanen Tibet da suka yi gudun hijira daga 1959. Tukwanen waɗannan al'ummomi ne ke ciyar da garin, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da sanyin dare kan kusa kai ruwa ga daskarewa.

Duniya da shayi ta san Darjilin, amma a hunturu ba a tsinkar ganyensa. Tsirran kan daina tofo, ma'aikata su koma yi musu aski, sai wajen watan Maris a fara tsinkar fari. Shayin da ake sha a kasuwa ma ba wannan mai tsada ba ne: na madara da sukari ne, wani sa'in da citta. Mutanen Tibet kuwa nasu da gishiri da man shanu suke kaɗa shi, baƙo kan ɗauke shi romo ne a kurɓin farko.

Abincin ajiya

Ginshiƙin girkin hunturu shi ne kayan lambun da aka tsuma tun kaka. Na gaba a cikinsu shi ne gunduruk. Ana samun ganyen mastad, wani tsiro dangin kabeji, ko na mula, wani farin tushe mai ɗan yaji, a bar shi ya yi yaushi, a daddaka, a danna shi cikin tulu a toshe bakin. Bayan kamar mako guda ya yi tsami, sai a shanya shi a rana har ya bushe. A haka yana iya yin watanni bai lalace ba. Ana yin miyarsa da tumatir da albasa da barkono, a zuba a kan shinkafa. Sinki ɗan'uwansa ne, sai dai da tushen mula ake yin sa, kuma a rami ake binne shi kusan wata guda.

Kinema kuwa waken soya ne da ake dafawa, a ɗan farfasa, a naɗe da ganye a ajiye wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku har ya yi yauƙi da wari. Duk wanda ya san daddawa ba zai yi mamakinsa ba, domin nau'in ƙwayoyin halitta ɗaya ne ke tsuma su. Bambancin shi ne a Darjilin ba don ɗanɗano kawai ake sa kinema ba, shi kansa ake soyawa ya zama miya. Akwai kuma curpi, cukun da ake yi da nonon saniya ko na yak, dabbar tsaunuka mai yawan gashi. Mai laushinsa a miya yake shiga. Busasshen kuwa taurinsa ya isa karya haƙori, ajiye shi ake yi a kunci ana tsotsa.

Abincin kasuwa

Momo shi ne abincin titi da ya fi kowane farin jini. Ƙullun fulawa ne da ake murzawa, a zuba niƙaƙƙen nama ko kabeji da albasa a ciki, a naɗe a turara. Tare da shi ake ba da romo mai zafi da yajin dalle, wani jan barkono mai kewaye wanda zafinsa ba na wasa ba ne. Tukpa taliya ce cikin romo, asalinta daga Tibet, ita ce abin da mutane suka fi nema idan hazo ya rufe gari. Shafale kuma soyayyen burodi ne mai nama a ciki. Ana samun waɗannan a ƙananan shaguna tsakanin dandalin Caurasta da kasuwar Cauk Bazar, inda ake sayar da dankalin turawa mai yaji da ake kira alu dam. Naman alade ya yawaita a girkin garin, don haka Musulmi kan tambaya kafin su ci, ko su nufi masu abincin da ke kusa da babban masallaci.

Zamanin Turawa ya bar nasa gado. Gidan burodi na Glenary's da gidan abinci na Keventer's har yanzu suna aiki, masu yawon buɗe ido na cika su, ko da yake ba su ne ke nuna abin da talakan gari ke ci ba.

Bukukuwa

A tsakiyar Janairu masu magana da harshen Nepal suna bikin Mage Sankaranti, ranar da ake dafa doya da dankali da sauran saiwoyi, a soya sel roti, wani zoben ƙullun shinkafa mai zaƙi. Wajen Fabrairu mutanen Tibet ke shiga sabuwar shekararsu, Losar, da soyayyen ƙullu mai suna kabse. A kwarurrukan da ke ƙasa da garin, kamar Mirik da Sitong, hunturu ne kakar lemo. Wasu al'ummomin kuma suna shan tongba, giyar tamba da ake zuba wa ruwan zafi a cikin gora, a zuƙa da siririn kara.