Ba Hitila kaɗai ya yi ba

Mutane da dama, har da ɗaliban sakandaren da ake kaiwa gidajen tarihi a Jamus, sun ɗauka Hitila ne ya ƙirƙiro ƙin Yahudawa, kuma shi da 'yan tsirarun muƙarrabansa suka kashe Yahudawa miliyan 6. Ba haka abin yake ba.

Ƙiyayyar ta girme shi da ɗaruruwan shekaru. Ingila ta kori Yahudawanta a 1290, Sifaniya ta bi sahu a 1492. A 1516 birnin Benis ya killace su a unguwa ɗaya, ana kulle ƙofofinta da dare. Wuta Hitila ya tarar tana ci, ya zuba mata fetur.

Kisan kansa ma aikin dubban hannaye ne. A gefen Balin akwai gidan Wannsee, inda manyan jami'ai 15 suka zauna ranar 20 ga Janairun 1942 don tsara yadda ma'aikatu za su haɗa kai wajen ƙarar da Yahudawan Turai. Hitila bai halarta ba. Tun 1992 gidan ya zama wurin koyarwa, ɗalibai na karanta bayanan taron da idonsu. Abin da ya fi tayar da hankali, a ganina, shi ne takwas daga cikin jami'an 15 masu digirin dakta ne, ba jahilai ba.

Ga kuma 'yan sanda, akawu, da ma'aikatan jirgin ƙasa da suka yi jigilar mutane zuwa sansanin kisa na Auschwitz. A Babi Yar, kusa da Kiyef, an bindige Yahudawa sama da 33,000 cikin kwana biyu a Satumban 1941, watanni kafin zaman na Wannsee.